Yadda Ake Karɓar Mai Neman Mafaka a Iyakokin Jihar Kebbi: Jagora ga Jami'ai, Masu Gari da Masu Masauki

Jihar Kebbi tana da iyaka da ƙasashe biyu, Jamhuriyar Nijar da Jamhuriyar Benin, kuma iyaka ce da jama'a ke tsallakewa safe da yamma ba tare da sun ɗauke ta a bakin komai ba. Mutumin Kamba yana cin kasuwar Gaya, na Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo yana da dangi a Segbana, na Kangiwa da Bachaka kuwa akwai auratayya tsakaninsu da Arawan da ke ɗaya ɓangaren. Wannan sabo shi ne yake sa mai neman mafaka ya ɓace a cikin 'yan kasuwa da 'yan ci-rani, ko dai a kore shi a matsayin baƙon haure, ko kuma wani ɗan uwa ya ɓoye shi a gida, babu wata hukuma da ta san da zamansa. Dukkan biyun cutarwa ce gare shi. Abin da wannan jagora ke son kafawa shi ne, ba a yanke hukunci kan mai neman mafaka a bakin iyaka. Aikin wanda ya fara haɗuwa da shi, ko jami'in shige da fice ne, ko maigari, ko mai kwale-kwale a Dole-Kaina, bai wuce ya hana a mayar da shi, ya tabbatar an rubuta shi, sannan a miƙa maganarsa ga waɗanda doka ta ɗora wa alhakin tantancewa ba.

Matakin farko: gane wanda ke gabanka

Babu wata kalma ta musamman da doka ta wajabta wa mutum ya furta kafin a ɗauke shi a matsayin mai neman mafaka. Matar da ta iso da goyo da ƙunshin kaya ta ce, "An ƙone garinmu, ba mu da wurin komawa," ta riga ta nemi mafaka, ko da ba ta taɓa jin labarin wata yarjejeniya ba. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: me ya raba ka da gida, kuma me kake tsoron zai same ka idan ka koma?

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da aka ƙulla a Janiba, wadda Najeriya ta shiga a 1967, ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa saboda tsoro mai tushe na cewa za a zalunce shi kan ƙabilarsa, ko addininsa, ko ƙasarsa ta asali, ko ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a. Amma wadda ta fi dacewa da halin da yankinmu ke ciki ita ce yarjejeniyar da ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a Addis Ababa a 1969, domin ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da duk wanda mamaya, ko harin wata ƙasa, ko wani tashin hankali mai tsanani da ya ruguza zaman lafiya a wani sashe na ƙasarsa ya tilasta wa gudu. A ƙarƙashinta ba sai mutum ya nuna cewa shi kaɗai ake nema ba. Ya isa a ce masu ɗauke da makamai sun tashi ƙauyensu.

Wanda ya zo noman rani ko dakon kaya a kasuwa ba ya cikin wannan sahu, kodayake shi ma ba a wulaƙanta shi. Haka nan wanda 'yan bindiga suka koro daga Danko-Wasagu ya dawo Birnin Kebbi, ɗan ƙasa ne da ya rasa matsuguni a cikin ƙasarsa, kuma Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta shafe shi. Sai dai a kula, sau da yawa dalilan kan cakuɗe: mutum zai ce neman abinci ya kawo shi saboda kunya ko tsoro, alhali abin da ya hana shi noma a gida shi ne harajin da 'yan bindiga suka ɗora wa ƙauyensu. Kada a tsaya kan amsar farko.

Mataki na biyu: kada a mayar da shi

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin gaba ɗaya. Sashe na 33 na yarjejeniyar 1951 ya haramta mayar da ɗan gudun hijira zuwa inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, ita kuwa yarjejeniyar Afirka ta fito fili ta ce ko a bakin iyaka ba a korar mutum idan korar za ta jefa shi cikin wannan haɗari. Ma'ana, jami'in da ya tsaya a shinge ya ce "koma inda ka fito" ya karya wannan ƙa'ida kamar yadda wanda ya ɗauko mutum daga cikin gari ya tsallakar da shi ya karya ta. Kariyar tana aiki tun kafin a tantance mutum, domin idan aka ce sai an tabbatar da shi ɗan gudun hijira ne kafin a bar shi ya shigo, to ba za a taɓa samun damar tabbatarwar ba.

Akwai kuskuren fahimta da ya samo asali daga rufe iyakoki. An rufe iyakokin ƙasa na Najeriya a watan Agustan 2019, iyakar Kamba ba ta sake buɗewa ba sai a Afrilun 2022, sannan aka sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta wasu kan ɗauka cewa umarnin rufewa ya haɗa da kowa da kowa. Umarnin da aka bayar domin shinkafa da man fetur, ko domin takunkumin siyasa, ba ya soke haƙƙin wanda ya gudo da ransa. Haka kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan haƙƙi ba, domin tun asali ba daga yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ya samo tushe ba.

Ga Musulmin wannan yanki ma, wannan ba baƙon abu ba ne. Aya ta 6 cikin Suratut Tauba ta yi umarni da a ba wanda ya nemi mafaka mafaka, ko da mushriki ne, sannan a isar da shi wurin da zai aminta. Sarkin Habasha ya ƙi miƙa sahabbai ga jakadun Ƙuraishawa sai da ya ji ta bakinsu, kuma daular da Gwandu ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyinta ta faro ne da hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804.

Mataki na uku: rashin takarda da shigowa ta ɓarauniyar hanya

Wanda aka kai wa hari da asuba ba ya tsayawa neman katin ɗan ƙasa, kuma ba ya bin titin kwalta zuwa ofishin kwastam. Sashe na 31 na yarjejeniyar 1951 ya hana hukunta shi saboda ya shigo ba bisa ƙa'ida ba, da sharaɗin ya gabatar da kansa ga hukuma ba tare da jinkiri ba, ya kuma bayyana dalilinsa. Wannan sharaɗi ne ya sa nake ganin ɓoye baƙo a gida, duk da kyakkyawar niyyar da ke ciki, yana raunana matsayinsa. Gaskiya ne baƙonka annabinka, amma mai masaukin da ya bar mutum ya yi wata shida a zaurensa ba tare da an rubuta shi ba, ya bar shi ne a hannun duk wani mai kaki da zai tare shi a hanyar kasuwa, ranar da aka kama shi kuma tambayar farko ita ce me ya hana shi bayyana kansa tun da wuri.

Abin da ya dace shi ne mai masauki ya sanar da mai unguwa a ranar da baƙon ya iso, mai unguwa ya sanar da maigari ko uban ƙasa, sannan a raka baƙon zuwa ofishin shige da fice mafi kusa. Rakiyar dattijo sananne tana da amfani ƙwarai, domin tana rage tsoro a zuciyar baƙon, tana kuma zama shaida kan abin da aka faɗa da abin da aka karɓa. Idan ɗan sanda ko soja ko jami'in kwastam ne ya fara cin karo da shi, to shi ma abin da ke kansa shi ne ya sanar da jami'in shige da fice. Neman mafaka kyauta ne daga farko har ƙarshe; duk wanda ya nemi "na goro" ko kuɗin fom ya nemi abin da ba nasa ba.

Mataki na huɗu: ruwa, magani da bincike

Kafin tambayoyi masu tsawo, a ba su ruwa da abinci da inuwa, a duba masu rauni da masu juna biyu da yaran da suka galabaice, a kai wanda ke buƙata asibiti. Yaran da suka taso a ƙauyukan da rikici ya hana ma'aikatan lafiya shiga galibi ba su sami rigakafin ƙyanda da shan-inna ba, don haka a sanar da asibitin gunduma tun a ranar.

Binciken kaya halas ne, kuma wajibi ne, amma mace ce ke binciken mace, a kuma keɓantaccen wuri. Duk abin da aka karɓa, ko waya ce, ko kuɗin sefa, ko babur, a rubuta shi a ba mai shi shaida. Dabbobi kuwa su ne jarin makiyayi da manomi, kada a raba shi da su da sunan kayan fasa-ƙwauri. A kira malamin dabbobi ya duba su, a nuna musu inda za su sha ruwa ba tare da sun shiga gonakin mutane ba.

Mataki na biyar: batun tsaro

Babu wanda ke zaune a Arewa ko Augie ko Dandi da zai yarda a yi masa maganar karɓar baƙi ba tare da an taɓo ƙungiyar 'yan bindigar nan ta Lakurawa ba, musamman bayan harin da aka kai garin Mera da ke ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024. Tsoron yana da dalili, kuma dokar 'yan gudun hijira ba ta ce a rufe ido ba. Mafaka ta farar hula ce. Wanda ya zo da makami ana karɓe makamin, a ware shi daga sauran jama'a, a miƙa shi ga jami'an tsaro. Yarjejeniyar 1951 da kanta ta cire wanda akwai ƙwaƙƙwaran dalili na zaton ya aikata laifin yaƙi, ko ta'asa kan bil'adama, ko wani babban laifi da ba na siyasa ba kafin ya shigo.

Inda ake samun ɓarna shi ne a mayar da ƙabila ko harshe ko sutura hujja. Rawani da dogon gashi da magana da Fulatanci ko Buzanci ko Zabarmanci ba shaidar laifi ba ne, kuma da yawa daga cikin masu wannan kama su ne waɗanda 'yan bindigar suka fara kwashe wa shanu. Zargi yana hawa kan mutum ɗaya ne bisa abin da aka sani game da shi, ba ya hawa kan ayari guda. Idan aka tsare magidanci domin bincike, matarsa da 'ya'yansa suna nan a matsayinsu na masu neman mafaka, a kuma gaya musu inda aka kai shi. 'Yan sa-kai da 'yan banga, duk da irin taimakon da suke bayarwa a ƙauyukan da babu caji ofis, ba su da hurumin tuhuma ko duka ko kora. Iyakarsu su tsare wuri su kira hukuma.

Mataki na shida: rubuta bayani

A nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin kuskuren da aka yi a takardar farko yakan bi mutum shekaru. A rubuta cikakken suna, da sunan uba, da ƙauyen da aka fito da gundumarsa, da ranar da aka baro gida, da hanyar da aka biyo, da ranar shigowa. Wanda ya zo daga Nijar ko Benin da wata takarda, a kwafi sunansa kamar yadda yake a rubuce a cikinta. Idan katinsa ya ce Ousmane ko Aboubacar da rubutun Faransanci, kada magatakarda ya gyara shi zuwa Usman ko Abubakar, domin gobe wani jami'i zai ga sunaye biyu ya ce mutum biyu ne, ko ya ce ƙarya ake yi. Wanda bai san shekarar haihuwarsa ba, a ƙiyasta ta da wani abu sananne da ya faru, a kuma rubuta cewa ƙiyasi ne.

A rubuta kowane mutum da sunansa, ba "Malam wane da iyalinsa goma sha biyu" ba. Magidanci mai mata biyu ko uku, a nuna kowace mace da 'ya'yanta, saboda idan aka rabu a hanya ko aka yi saki daga baya, kada wata ta wayi gari ba ta da suna a ko'ina. A ambaci waɗanda aka baro a baya da waɗanda suka ɓace a hanya; ƙungiyar Red Cross tana da sashen da ke neman dangin da rikici ya raba, kuma da waɗannan sunaye take aiki.

Tafinta yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Yawancin mutanen Dosso da arewacin Benin suna jin Hausar kasuwa, amma Hausar kasuwa ba ta isa mutum ya bayyana yadda aka kashe ɗan uwansa ba. A samo mai jin Zabarmanci ko Dandanci ko Fulatanci sosai, kada ya kasance ƙaramin yaro daga cikin iyalin, kada kuma ya kasance wanda baƙon ke jin tsoro. A ji ta bakin mata su kaɗai, a gaban mace, domin abin da ya same su a hanya ba za su faɗe shi a gaban miji ko suruki ba.

Sai sirri. Jami'an iyakar ɓangarorin biyu sun san juna, suna gaisawa, wani lokaci ma tare suke cin abinci, don haka abu ne mai sauƙi wani ya ɗaga waya ya ce, "Akwai wani mutuminku a nan, kun san shi?" Wannan kira yana iya jawo wa dangin da suka rage a can bala'i, musamman idan hukumar ƙasarsa ce mutumin ya guje wa. Ba a tuntuɓar jami'an ƙasarsa ko ofishin jakadancinta game da shi. Haka nan masu kai taimako su daina ɗaukar hotunan fuskokin mutane suna watsawa a Facebook da WhatsApp.

Mataki na bakwai: miƙa magana ga hukumar da ke da alhaki

Hukumar da ke tantance 'yan gudun hijira a Najeriya ita ce Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira da Baƙin Haure da Waɗanda Suka Rasa Matsugunansu, wadda aka fi sani da NCFRMI. An kafa ta da dokar soja mai lamba 52 ta 1989, aka sake mata doka a 2022, hedikwatarta tana Abuja, tana kuma aiki tare da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR. Ita ce ke yi wa mutum rajista, ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ta ba shi takardar shaidar mai neman mafaka. Takardar tana da wa'adi, sai a riƙa sabunta ta kafin ta ƙare, kuma ita ce za ya nuna a shingen bincike. Daga nan za a kira shi ganawa, wani kwamiti ya duba bayaninsa ya yanke shawara. Shawarar da za a ba shi kafin ganawar ɗaya ce: ya faɗi abin da ya faru kamar yadda ya faru, kada ya ari labarin wani don ana cewa shi ne ke karɓuwa, inda ya manta kuma ya ce ya manta.

Idan jama'a suka kwararo da yawa a lokaci guda, ba a iya ganawa da kowa ɗaya bayan ɗaya, sai gwamnati ta karɓe su a dunƙule. Haka aka yi wa 'yan Kamaru da suka shigo Kuros Riba da Binuwai da Taraba tun daga 2017. A irin wannan hali, rahoton da maigari da shugaban ƙaramar hukuma suka aika wa hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta ƙasa, wato NEMA, a kwanakin farko shi ne ke jawo hankalin Abuja.

Mataki na takwas: yara da 'yan mata

Yaron da ya iso ba tare da iyayensa ba, ba a tsare shi a ofis, ba a kuma miƙa shi ga duk wanda ya ce shi kawunsa ne sai an tambayi yaron a keɓe an kuma bincika. A sanar da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, a ajiye shi a gidan da aka sani, a rubuta sunan mai riƙon. Babban mutum da ya zo da 'yan mata da dama waɗanda ba su san sunan garin da za a kai su ba, wannan aikin NAPTIP ne, hukumar yaƙi da fataucin mutane. Akwai kuma wata cuta da ke zuwa da rigar taimako, wato masu zuwa neman auren yarinya ko ɗaukarta aikatau a makon da iyayenta ba su da abin sakawa a baki. Limami da mai unguwa su ne suka fi kowa ikon taka wa wannan burki. Jaririn da aka haifa a nan kuwa a yi masa takardar haihuwa a ofishin hukumar ƙidaya, don kada ya tashi babu ƙasar da ta san da shi.

Mataki na tara: masauki

Yarjejeniyar 1969 ta buƙaci a zaunar da 'yan gudun hijira nesa da iyakar ƙasar da suka baro gwargwadon hali, saboda waɗanda suka kore su suna iya biyo su. Mutanen Zamfara sun ga amfanin wannan da idonsu. Tun daga 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi, ƙauyukan bakin iyaka suka fara karɓarsu, daga baya aka mayar da wasunsu Garin Kaka da Dan Dadji Makaou da Chadakori, inda suka zauna tare da mutanen gari. Duk abin da za a kawo na taimako, rijiya ce ko aji ko magani, a yi shi yadda ɗan gari zai amfana, in ba haka ba ƙyashi zai shiga tsakani. Idan an ba baƙo aron gona, a yi shi a gaban shaidu, a faɗi shekarun aron. Shi kuma baƙon a karanta masa abin da ke kansa: bin dokar ƙasa, da nisantar duk wani shiri na kai hari ko tayar da fitina a ƙasar da ya baro.

Idan aka ƙi amincewa, ko aka so komawa

Wanda kwamiti ya ƙi amincewa da buƙatarsa yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma ba a fitar da shi daga ƙasa har sai an gama sauraron ƙarar. Wa'adin ɗaukakawa gajere ne, don haka ranar da takardar ta iso a nemi wanda zai karanta masa ita, a tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, waɗanda ba sa karɓar kuɗi. Idan ƙarar ma ta faɗi, sai maganarsa ta koma ƙarƙashin dokar shige da fice ta 2015, amma ko a nan ba a miƙa mutum ga inda ake da dalilin zaton za a azabtar da shi.

Komawa gida kuwa sai da yardar mai komawa. Ba a matsa masa da janye abinci ko karɓe gonar aro, ba a kuma yanke wa mata shawara a bayan idonsu. Yawanci idan damina ta matso magidanta kan so su leƙa gonakinsu, su bar iyali a nan. Kafin mutum ya yi haka ya sanar da ofishin da ya yi masa rajista, domin zirga-zirga zuwa ƙasar da ya ce yana tsoro ba tare da bayani ba tana iya sa a sake duba matsayinsa, wanda kuma ya yanke shawarar komawa gaba ɗaya ya mayar da katinsa a rufe fayil ɗinsa, ya karɓi takardun makarantar 'ya'yansa da katinsu na rigakafi kafin ya kama hanya.